Balan-balan mai magani ko raga mai magani: wanne ya dace da jijiyar da ta toshe?

Idan aka ɗauki hoton jijiyoyin jinin mutum, likita ya nuna inda hanyar ta tsuke ya ce sai an buɗe, tambayoyi biyu ne ke fara fitowa daga bakin iyali: nawa ne, kuma yaushe za a yi? Akwai ta uku da ba kasafai ake yi ba, alhali ita ce za ta bi mara lafiya har gida: me za a bari a cikin jijiyar bayan an gama? Hanyoyi biyu ne ke kan gaba a yau. Ko dai a saka 'yar ragar ƙarfe mai ɗauke da magani, wadda likitoci ke kira sitent, ta zauna a wurin har ƙarshen rai, ko kuma a shiga da balan-balan da aka shafe da magani, a hura shi na ɗan lokaci ya manna maganin a jikin jijiyar, a zare shi a fito ba a bar komai ba. A ganina babu wanda ya fi ɗan'uwansa a ko'ina. Wurin da toshewar take da halin mai jijiyar su ne alƙalai, ba sabuntar kaya ko tsadarsa ba.

Mashigarsu ɗaya ce, kuma ba a tsaga jiki. Ana kashe fata da allura a wuyan hannu ko a gindin cinya, a huda jijiya, a zura wata siririyar waya, sannan a bi ta kanta da kateta, wani bututun roba da kaurinsa bai wuce kamar milimita 2 ba. Mara lafiya yana farke, yana jin maganar likita. Ana tura wani ruwa da ke sa jijiya ta fito baƙa a allo, sai ka ga hanya tana tafiya sambal, can kuma ta shaƙe ta koma kamar zare, ko ta yanke gaba ɗaya. Wannan wurin ake nufa. Charles Dotter ne ya fara buɗe jijiyar ƙafa da kateta a jihar Oregon ta Amurka a 1964, sannan Andreas Gruentzig ya buɗe ta zuciya da balan-balan a birnin Zurich a 1977.

To me ya kawo magani cikin zancen? Hura balan-balan a cikin jijiya rauni ne, komai gwanintar mai yi. Jiki kuwa idan ya ji rauni sai ya hau gyara: ƙwayoyin naman jijiyar su yi ta hayayyafa, tabo ya yi kauri ta ciki, hanyar da aka buɗe ta sake tsukewa cikin 'yan watanni. Da balan-balan zalla, kusan mutum ɗaya cikin uku na komawa gidan jiya. Ragar ƙarfe mara magani, wadda aka fara sa wa ɗan Adam a 1986 a Faransa da Suwizalan, ta hana jijiya sake matsewa, amma tabon sai ya riƙa tsirowa ta cikin ramukanta. Daga nan aka yi tunanin a kai maganin da ke hana ƙwayoyin hayayyafa daidai wurin raunin, maimakon a ba duk jiki.

Magunguna biyu ne suka mamaye fagen. Na farko sirolimus, wanda aka samo daga wata ƙwayar halitta a ƙasar tsibirin Rapa Nui da ke tekun Pasifik, tare da danginsa da aka ƙirƙiro daga baya. Na biyu fakilitaksel, maganin daji ne da aka fara cirowa daga ɓawon wata bishiya ta arewa maso yammacin Amurka. Kada kalmar daji ta tsorata kowa: abin da ke jikin balan-balan miligiram kaɗan ne, mai cutar daji kuwa ɗaruruwa ake ba shi a zama guda. Halayensu ne suka raba musu aiki. Fakilitaksel yana shiga nama da sauri kuma ya daɗe a ciki har makonni, shi ya sa ya dace da balan-balan da ba zai zauna ba. Sirolimus yana son a ba shi lokaci, don haka ake cuɗa shi da wani danƙo mai suna folima a shafa a jikin raga, ya riƙa fita a hankali cikin wata ɗaya zuwa huɗu.

Bambancin hanyoyin biyu kamar na yasar rijiya ne da ɗaure ta da siminti. Wanda ya yashe ya bar ta yadda take, amma yana dogaro da cewa bangon ba zai rufto ba. Wanda ya ɗaure ya huta da rufta, sai dai abin da ya gina ya ginu, ba ya cirowa.

A zuciya, raga mai magani ita ce gaba, kuma ta ci wannan matsayi ne da hujja. Ta farko, Cypher, ta samu izini a Amurka a 2003, Taxus ta biyo a 2004, yawan sake toshewa ya faɗo ƙasa da kashi 10 cikin 100. A 2006 hankula suka tashi a taron likitocin zuciya na Turai a Barcelona, saboda an lura jini kan daskare kwatsam a cikin waɗannan raguna ko bayan shekara guda. Laifin ya koma kan kaurin ƙarfen da irin danƙon, waɗanda ke hana fatar cikin jijiya rufe ragar da wuri. Aka sake ƙira. Wayar Cypher kaurinta maikiromita 140 ne (maikiromita dubu ne ke yin milimita ɗaya), ta Xience da ta fito a Amurka a 2008 maikiromita 81, akwai ma masu 60 yanzu. Waɗannan na baya su ake sawa a yau, kuma matsalar daskarewar ta ragu ƙwarai. Mutumin da aka kawo da bugun zuciya, jijiya babba ta toshe, ba lokacin dogon shawara ba ne: raga mai magani ce abin da aka fi sani da sakamakonsa.

Balan-balan mai magani kuwa aikin Jamusawa biyu ne, Bruno Scheller da Ulrich Speck, waɗanda suka buga sakamakon gwajinsu na farko a kan mutane a 2006. Sun gauraya fakilitaksel da irin ruwan nan na hoto domin ya saki jikin balan-balan da sauri. A zuciya wurare uku ne ya fi amfani. Na ɗaya, idan raga da aka sa a baya ta sake toshewa ta ciki, kuma ba a son a ɗora ƙarfe kan ƙarfe, musamman idan an riga an ninka biyu. Wannan shi ne dalilin da hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da Agent a 2024, balan-balan mai magani na farko da ta yarje wa shiga zuciya, alhali Turai da Asiya sun daɗe suna amfani da irinsa. Na biyu, ƙananan jijiyoyi. Gwajin BASKET-SMALL 2 na 2018 ya ɗauki mutum 758 masu jijiyoyin da faɗinsu bai kai milimita 3 ba, bayan shekara guda masu matsala suka zama kashi 7.5 a ɓangaren balan-balan, kashi 7.3 a ɓangaren raga, wato kunnen doki. Na uku, wanda ba zai jure shan magungunan tsinka jini na dogon lokaci ba.

Sai dai wasu sun fara tallar cewa tunda ba a barin ƙarfe, to balan-balan ya fi a kowace jijiya. Ba haka abin yake ba. A ƙasar Sin an gwada mutum 2,272 masu sabuwar toshewa mara sarƙaƙiya, aka buga sakamakon a 2024. Bayan shekara biyu, kashi 6.4 na masu balan-balan sun samu matsala, masu raga kuwa kashi 3.4. Sha'awar kada a bar komai a jiki ta taɓa ruɗar likitoci da kansu: ragar Absorb mai narkewa ta samu izini a Amurka a 2016 cikin ɗoki, a 2017 kamfanin ya daina sayar da ita bayan an ga ta fi ragar ƙarfe jawo daskarewar jini.

A ƙafa labarin ya juye, kuma nan ne ya kamata mu fi zama, domin masu ciwon suga da masu shan taba da ke fama da toshewar jijiyar ƙafa suna da yawa a cikinmu, da yawansu kuma ba su san sunan ciwon ba. Dattijo ya taso daga gida zuwa masallaci, kafin ya kai sai naman bayan ƙwaurinsa ya ɗaure, ya tsaya ya jingina da bango minti biyu, ya sake shi, ya ci gaba. Gobe a daidai wannan wurin zai sake tsayawa. A ce sanyi ne ko tsufa, alhali jini ne bai isa ba.

Jijiyar cinya doguwa ce, kuma ba ta zama wuri ɗaya. Duk takun da mutum ya yi tana miƙewa, tana murɗewa, tana lanƙwashewa, balle a bayan gwiwa. Ƙarfen da aka sa a irin wannan wuri yana iya gajiya ya karye, karyewar kuma ta jawo sabuwar toshewa. Shi ya sa likitoci ke gudun sa raga a bayan gwiwa da kuma daidai gindin cinya. Mu kuwa rayuwarmu ta naɗe ƙafa ce: sujada da zaman tahiya sau biyar a rana, harɗe a tabarma wajen cin abinci, tsuguno a banɗaki da gona. Ya kamata mara lafiya ya faɗa wa likita haka da bakinsa, musamman likitan wata ƙasa da ke ɗaukar kowa a kujera yake wuni.

Alƙaluman balan-balan mai magani a cinya suna da kyau. A gwajin wani mai suna IN.PACT Admiral, jijiya ta zauna a buɗe bayan shekara guda ga kashi 82 cikin 100, alhali balan-balan mara magani kashi 52 ne, waɗanda aka sake yi wa aiki kuma kashi 2.4 ne kawai a kan kashi 20.6. Wani kuma mai suna Lutonix, wanda ya riga shi samun izini a Amurka da 'yan watanni a 2014, ya samu kashi 65 a kan 53. Wannan tazara tana nuna abu ɗaya: ba duk balan-balan mai magani ne ɗaya ba. Yawan maganin ya bambanta, IN.PACT na ɗauke da maikirogiram 3.5 a kowane murabba'in milimita, Lutonix 2, abin da aka cuɗa maganin da shi ma ya bambanta. Ragunan ƙafa masu magani su ma biyu ne fitattu, Zilver PTX mara danƙo da ta fito a Amurka a 2012, da Eluvia mai danƙo ta 2018, wadda ta ɗan fi ta a gwajin da aka haɗa su.

Aikin balan-balan mai magani yana buƙatar haƙuri, kuma a nan ake gane gwani. Ba shi ke buɗe hanya ba. Sai an fara faɗaɗa wurin da balan-balan mara magani, a duba hoto. Idan hanyar ta buɗe da kyau, abin da ya rage na tsukewar bai wuce kashi 30 ba, bangon kuma bai tsage mummunar tsagewa ba, sai a buɗe ledar mai maganin. Farin gari ne a jikinsa, ba a taɓa shi da hannu, ba a jiƙa shi, ba a ɓata lokaci a hanya, domin kaso mai yawa na maganin jini ke wanke shi kafin a isa, kaɗan ne ke shiga bango. A zuciya ana hura shi daƙiƙa 30 zuwa 60, a ƙafa kamar minti 3 cur, ma'aikaci na kallon agogo yana ƙirgawa. Sau ɗaya ake amfani da shi. Idan kuwa bangon ya tsage ya toshe hanya, ko jijiyar ta koma ta matse, to dole a sa raga a nan take. Saboda haka duk wanda aka ce za a yi masa balan-balan, ya shirya kuɗi da zuciya cewa ana iya ƙarewa da raga. Jijiyar da ta ƙandare da kalshiyam, wadda ta yawaita ga masu suga da masu ciwon ƙoda, ba ta shan magani sosai, sai an fara farfasa ko kankare taurin da wasu na'urori, kuma sau da yawa raga ce ke riƙe ta.

Akwai wata taƙaddama da bai kamata a ɓoye wa kowa ba. A Disambar 2018 Konstantinos Katsanos na ƙasar Girka da abokan aikinsa suka tattara gwaje-gwaje 28 na ƙafa masu ɗauke da mutum 4,663, suka ce waɗanda aka yi wa aiki da kayan fakilitaksel sun fi mutuwa bayan shekara biyar, kashi 14.7 a kan 8.1. Asibitoci da yawa suka ja baya, FDA ta yi gargaɗi a 2019. Aka koma aka binciko mutanen da suka ɓace wa gwaje-gwajen, aka duba bayanan dubban marasa lafiya, babban gwajin SWEDEPAD na ƙasar Suwidin ya leƙa sakamakonsa a 2020 bai ga bambancin mutuwa ba, a Yulin 2023 FDA ta ce hujjojin ba su nuna ƙarin haɗarin ba. Amma da sakamakon ƙarshe na SWEDEPAD ya fito a 2025, sai ya zo da abin da ya fi wannan daraja a sani: kayan masu magani ba su rage yanke ƙafa ga masu ciwo mai tsanani ba, ba su kuma ƙara wa masu ciwon tafiya jin daɗin rayuwa bayan shekara guda ba, sannan alamar ƙarin mutuwa a shekara ta biyar ta sake leƙowa a rukunin masu ciwon tafiya. Gwajin BASIL-3 na Birtaniya shi ma bai ga fifiko bayyananne ba wajen ceton ƙafa da rai. Abin da na fahimta shi ne, shafin magani yana sayo maka jinkirin komawa ɗakin aiki, ba ya sayo maka ƙafa ko tsawon rai. Ga wanda ya sayar da gona ya tafi Indiya ko Masar, rashin komawa ba ƙaramin abu ba ne, amma a san abin da aka saya.

Ƙasa da gwiwa, inda jijiyoyi suke sirara, balan-balan mai magani bai tabuka abin kirki ba. An ma janye ɗaya daga kasuwa a 2013, IN.PACT Amphirion, da aka ga alamar ƙarin yanke ƙafa. A 2024 Amurka ta amince da Esprit BTK, raga mai narkewa mai ɗauke da ɗan'uwan sirolimus, amma sabuwa ce, samunta ma aiki ne. Mai gyambon da ya ƙi warkewa ko yatsan da ya yi baƙi, ya tambaya ko tiyatar kewaye za ta fi masa, wadda ake ciro jijiyar ƙafarsa a yi wa jini sabuwar hanya. Gwajin BEST-CLI na 2022 ya nuna cewa ga mai kyakkyawar jijiyar da za a ciro, tiyatar ta fi aikin kateta. Masu wankin ƙoda kuma, idan jijiyar da aka haɗa musu a hannu ta tsuke, balan-balan mai magani na taimakawa: a gwajin IN.PACT AV na 2020 ta zauna a buɗe wata shida ga kashi 82, a kan kashi 60 na mara magani.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar, wato bayan an dawo gida. Mai raga a zuciya sai ya sha magungunan tsinka jini iri biyu tare, yawanci asfirin da kilofidogirel, wanda aka fi sani da Plavix, na wata shida idan ciwon ba na gaggawa ba ne, shekara guda idan bugun zuciya ne, kodayake likita na iya gajartawa ga mai haɗarin zubar jini. Yanke su da kai, saboda kuɗi sun ƙare ko an ji sauƙi ko wani ya kawo na gargajiya, na iya daskarar da jini a cikin ragar, kuma wannan yakan zo da bugun zuciya ko mutuwa. Mai balan-balan kawai, idan ba bugun zuciya ya kawo shi ba, sau da yawa wata guda ya isa, sai a ci gaba da guda ɗaya. Wannan bambanci ya fi duk alƙaluman da na kawo nauyi ga mai gyambon ciki da ya taɓa zubar da jini, da tsoho mai yawan faɗuwa, da wanda wata tiyata ke jiran sa, da wanda ya san a ransa ba zai iya sayen ingantaccen magani kowane wata ba. A faɗa wa likita gaskiya, ba abin kunya ba ne. Muddin kuma ana kan magungunan, a bar ƙaho, a bar magungunan ciwon jiki irin ibufurofen da dikulofenak, a sanar da likitan haƙori kafin ya cire, a kuma tsara lokutan sha da likita kafin azumi ya kama.

Mace mai ciki, da mai shayarwa, da mai shirin ɗaukar ciki, har da namijin da ke neman haihuwa, takardun wasu balan-balan na fakilitaksel sun hana a yi musu amfani da su. Magidanci ya ambaci wannan da kansa, domin likita zai iya kallon furfura ya ɗauka an gama haihuwa. Akwai balan-balan masu sirolimus da ke shigowa, irin MagicTouch na Indiya da Selution, sai dai hujjojinsu na dogon lokaci ba su kai na fakilitaksel yawa ba tukuna.

Maganar kuɗi gajeriya ce. Kayan masu magani sun fi marasa magani tsada, kuma doguwar toshewa a cinya na iya cin balan-balan biyu ko uku. Indiya ta ƙayyade farashin ragar zuciya mai magani a kan rupi 29,600 na kuɗin ƙasar a Fabrairun 2017, amma ragar ɗan yanki ce kawai na lissafin asibiti. Kada kuma a raina kaya don ba na Amurka ba ne: ragar Supraflex ta birnin Surat na Indiya ta yi kafaɗa da kafaɗa da Xience a gwajin da aka yi a Turai aka buga a 2019.

Wasu kuma ba su buƙatar ko ɗaya, kuma ina so 'ya'ya masu hidimar iyaye su ji wannan da kyau, domin ƙauna kan sa a yi gaggawar biyan kuɗin aiki. Dattijon nan mai tsayawa a hanyar masallaci, in dai babu gyambo kuma ƙafar ba ta hana shi barci da ciwo, maganinsa na farko shi ne barin taba, da maganin rage kitsen jini, da daidaita suga da hawan jini, da tafiya ta minti 30 zuwa 45 sau uku a mako har wata uku: ya yi ta tafiya har ciwon ya zo, ya huta, ya ci gaba. Haka a zuciya, gwajin ISCHEMIA mai mutum 5,179 ya nuna cewa ga mai ciwon ƙirji da ya lafa, gaggawar buɗe jijiya ba ta rage mutuwa ko bugun zuciya fiye da magani mai kyau ba, ciwon ƙirjin ne take ragewa. Amma ƙafar da ta yi sanyi kwatsam, ta yi fari, ta mutu, gudan jini ne ya toshe ta, kuma awoyi ake da su ba kwanaki ba. A nan wata kateta daban ake sawa, mai ɗigar da maganin narkar da gudan a cikinsa, ko a ciro shi da tiyata.

Wanda aka yanke shawarar yi masa aikin, a auna ƙodarsa tukuna, domin ruwan hoton yana wahalar da ita, mai shan maganin suga na metfomin kuma ya tambaya ko zai dakata da shi. Kafin a baro asibiti a karɓi takarda mai ɗauke da sunan abin da aka sa, da faɗinsa da tsawonsa, da jijiyar da aka sa shi, da ranar da aka yi, da watan da za a daina kowane magani, tare da faifan hoton aikin. Likitan da zai ci gaba da duba Baba a gida bai ga cikin jijiyar ba, da waɗannan zai yi aiki.